Zufar Ɗakin Albasa

Litinin, 12 ga Agusta, 2024
Iri ya tsiro. Faranti arba'in, kore shar. Wannan ne ragowar irin albasar da Baba ya bari, wanda ya yi shekara ashirin yana zaɓe da hannunsa. Bara na zuba rabi a fadama, ruwan sama ya tumurmushe shi kwana ɗaya. Bana ba ruwan da zai taɓa shi. Na liƙe tsohon ɗakin Baba da leda, bango da rufi da taga. Fitilun sola shida, fanka ɗaya, da mitar auna danshi da na sayo a Jega. A waya na karanta komai, ba uban da ya koya mini. Duk Aliero su zo su gani.

Alhamis, 15 ga Agusta
Da rana mita sittin. Da asuba tamanin da biyar. Da zarar fitilu sun mutu ɗakin ya huce, sai leda ta fara zufa. Batir kuma ba ya kai fanka asuba.

Waliyyu ɗan Goggo ya leƙo yana washe baki. "Taubashi, albasa kaka noma ko wankan jego kaka yi mata?" Na jefe shi da rabin bulo. Na kuskure. Kuskuren ne ya fi ƙona mini rai.

Asabar, 17 ga Agusta
An yanka ledar taga ta waje, tsawon tafin hannu. Ana so iskar damina da cuta su shigo mini. Na liƙe da salatif.

Lahadi, 18 ga Agusta
An sake. Ɓera ba ya yanka a miƙe.

Talata, 20 ga Agusta
Dole in rubuta wannan.

Yau kwana huɗu ana yankawa. Na sami Waliyyu a majalisar bakin kasuwar albasa yana cin gyaɗa. Na ce kai ne ke yanka mini leda? Ya dubi mutane ya kashe ido. "Awo, ni ne, ni da aljanuna bakwai." Aka kwashe da dariya. Dariyar nan ce. Akwai fartanya jingine da benci, ban san ta waye ba. Na ɗaga, ya tare da hannu. Ƙarar kamar an taka busasshen kara. Ya faɗi, na bi shi ƙasa, na yi ta naushin bakinsa har jininsa ya jiƙa mini wuyan riga. Mahauta uku suka ɓamɓare ni, ɗaya ya shaƙe ni har na ga duhu. Wani tsoho yana ta faɗin, "Taubashinka hwa! Wasa ya yi maka!"

Wasa. Da irin Baba.

Ya ja wa kansa. Na rubuta, ya ja wa kansa.

Laraba, 21 ga Agusta
An kai shi gidan mai ɗori, ƙashi biyu ne suka karye. Daga layinmu aka ji ihunsa lokacin da ake ja. An so a kai ni wurin 'yan sanda, Goggo ta ce maganar gida ce. Ta ajiye mini tuwo a bakin ƙofa ta juya. Tun rasuwar Inna ita ke ajiye mini tuwo, ba ta taɓa ajiyewa shiru ba.

Na buga katako a tagar, ƙusa goma sha biyu. Na sa kwaɗo a ƙofa. Yanzu ko sauro sai ya nemi izini.

Juma'a, 23 ga Agusta
Mita casa'in da tara. Ruwa na ɗiga daga rufi kamar ɗakin na kuka. Wari kamar tsumman da ya kwana a jiƙe.

Asabar, 24 ga Agusta
Faranti goma sha tara sun kwanta. Wuyansu ya tsuke ya ruɓe daidai ƙasa, farar fumfuna ta lulluɓe su. Na ɗauki mitar na maka ta da bango. Na tattake fanka har fiffikenta ya karye. Na naushi bulo, yatsuna biyu sun kumbura. Ba wanda ya shiga ɗakin nan. Kwaɗon na nan yadda na bar shi. To wa zan daka?

Lahadi, 25 ga Agusta
Ina zubar da matattun a bayan gida Goggo ta tsaya a kaina, da 'yar wuƙarta ta yankan kuɓewa. Ta jefo ta gabana.

"Ga mai laifin nan, Tamu. Ni ka yanka ledar. In na tashi alwala sai in ji ɗakin na ɗiga. Ubanka ko a rumbu bai taɓa toshe wa albasa iska ba."

Na ce don me ba ki faɗa mini ba?

"Wa ka faɗa maka magana? Kai da waya ta riga ta gaya ma komi." Sai ta nannaɗe hannun rigarta ta miƙo mini hannu, siriri, duk jijiya. "Ga shi. Fartanya na nan zaure."

Ban iya ɗaga kai ba. Ta daɗe a tsaye da hannun a miƙe. Da ta zage ni ya fi.

Litinin, 26 ga Agusta
Na cire ƙusoshin. Biyu sun karye a ciki. Na yanka leda sama da ƙasa da wuƙar Goggo, na rufe da yankin gidan sauro. Na daina ban ruwa da yamma, sai da hantsi. A waya ma akwai wannan, ni ne na tsallake wurin.

Alhamis, 29 ga Agusta
Ba mita, amma da asuba na shafa leda, a bushe take. Wasu huɗu sun ƙara kwanciya, faranti goma sha bakwai sun tsira.

Irin Waliyyu na fadama ciyawa ta fara cinye shi, mai hannu ɗaya ba ya cira. Na bi ta can na cire. Hanya ce ta biyo da ni.

Na same shi a zaure, hannu ɗaure da karare, leɓe a fashe. Na ajiye faranti shida kusa da ƙafarsa, na ce ɗakin ya yi musu kaɗan. Ya dube su, ya dube ni. "Sun gama wankan jegon?"

Na ji jini ya hau mini kai. Fartanya na nan jingine inda Goggo ta ce.

Na ce saura kwana ashirin a yi arba'in. Gobe zan kawo masa ruwansu, da hantsi.