Kukan Aksul ɗin Motar Murtala

Talata Mafara,
ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanena Ishaq, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da harkokin kasuwa. Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare ka a garin mutane. Mu nan muna lafiya gwargwadon hali. Inna Khadija tana fama da gwiwa kamar yadda ka sani, amma tana cin tuwonta. Shinkafarmu ta Bakura ta yi kyau bana, hanya kuma da sauƙi kwanan nan, Allah Ya ɗorar.

Na ji saƙon muryar da ka turo wa matata Barira, tunda ni ka daina ɗaukar wayata. A tsakar gida aka kunna shi, gaban Inna. Ka ce na kashe maka mota da aikin ƙauye, ka ce a tambaye ni ko injin ya tsira. Minti uku kana magana ba ka ambaci ɗanka Murtala ba sai a ƙarshe, inda ka ce a shafa masa man zafi. Ban ɗora maka laifin duka ba, domin ce maka aka yi targaɗe ne. Ba targaɗe ba ne. Yaron yana kwance a asibiti a Sakkwato, ƙafarsa ta dama ta niƙe daga gwiwa zuwa ƙasa. Kowa ya ji tsoron faɗa maka, ni kuwa na gaji da jin tsoronka.

Ga yadda aka yi. Ranar Talata ya shigo garejina da jar motar nan mai ƙofa biyu da ka saya masa, wadda cikinta ke shafar ƙasa. Ya ce Asabar bikin abokinsa ne a Maradun, za a yi wasan mota, yana so in ƙarfafa masa aksul ɗin baya don ya jure juyi. Na shiga ƙarƙashi na kwance tukunyar ƙarfen da ke tsakanin tayoyin baya. Ka san a cikinta ne haƙoran suke, waɗanda ke barin taya ɗaya ta fi ɗaya gudu idan an zo kwana. Na tarar boris, ƙwallayen ƙarfen da haƙoran ke juyawa a kansu, ya cinye, haƙora biyu sun ɓantare, man ciki ya zama kamar kunu. Na ce masa aikin mako biyu ne. Sai an sayo boris da kusoshi masu ƙwari daga Kano, in shafa wa haƙoran bular wanki in juya su in ga inda suke cizon juna, in yi ta gyara zamansu har cizon ya dawo tsakiya, in ɗaure tukunyar da faifan ƙarfe, sannan a zuba mai mai kauri. Na ce ya ari wata motar ya je bikin, wannan ta jira.

Ranar kasuwa ce, gareji cike da mutanen Garbadu da Kaya masu jiran gyaran injin ban ruwa. A gabansu ɗanka ya yi dariya. Ya ce ashe gaskiyar babansa ne, Baba Yakubu sai tarakta da garma, mai shafa wa mota bula kamar zanen tsohuwa. Ya ce kai ka ce masa a tausaya mini ne ya sa ya fara kawo mini. Mutane suka sunkuyar da kai, wasu suna danne dariya. Shekara talatin da huɗu ina wannan sana'a, da ita na biya maka makaranta. Na mayar masa da tukunyarsa yadda na same ta.

Ya tafi Bakura wajen Isa mai walda. Isa gwani ne a ƙofa da amalanke, ban raina shi ba. Ya yi abin da yaran yanzu ke gani a waya: ya narkar da ƙananan haƙoran ya manne su wuri ɗaya, don tayoyin biyu su riƙa juyawa tare, bayan mota ya yi ta sulɓi. Bai wanke tukunyar ba da ya gama. Ya bar tsakin walda a ciki ya rufe, ya mayar da tsohon mai. Yini ɗaya ya ƙare, Murtala yana ta yabonsa. Sauri ya haifi nawa.

Saura abin da ba wanda ya sani sai ni da Allah. Ranar Juma'a bayan an sauko, ina zaune kan benci a bakin gareji, Murtala ya zo wucewa. Ya rage gudu da gangan, ya taka mai don in ji. Na kuwa ji. Ƙarƙashin rurin injin akwai wani siririn kuka daga baya, kukan haƙori yana tauna ƙarfe. Na san wannan kukan kamar muryar Inna. Na san motar ba za ta kai Maradun ta dawo ba. Ya leƙo ta taga yana murmushi, yana jiran in ce wani abu. Hannu kawai zan ɗaga ya tsaya. Sai na ɗaga kofin shayina na kurɓa.

Asabar da hantsi, a kwanar da ke gefen magudanar ruwan noma kafin Maradun, tayoyin baya suka kulle lokaci ɗaya. Motar ta juya sau biyu ta faɗa ciki. Manoma ne suka zaro shi. Da labari ya iske ni, abin da ya fara zuwa bakina ba salati ba ne, cewa na yi ai na faɗa. Ina jin kunyar wannan, kuma zan je da ita kabari. Tun ranar abinci ba ya wuce mini. Na ɗauki rabona na laifin, Ishaq, ba zan kuma ɗauki naka ba. Kai ka ba yaro ɗan shekara ashirin da biyu motar tsere a kan hanyar jakuna, kai ka koya masa cewa maganata ba ta kai a saurara ba. Ya koya da kyau.

Likitoci sun ce ƙafar ta fara baƙi, dole a yanke ta kafin Litinin, in ba haka ba abin zai hau sama ya tafi da shi. Suna son sa hannun uba. Sun ce ni ma zan iya, tunda yayanka ne ni, na ce a'a. Shi bai sani ba tukuna. Duk wanda ya shiga ɗakin sai ya tambaye shi yaushe zai koma tuƙi. Jiya ya riƙe hannuna ya ce in yafe masa, ya ce da an sallame shi zai kawo mini motar in yi mata aikin mako biyun. Na ce masa to.

Kada ka turo kuɗi, kada ka turo direba. Ka zo da kanka ka tsaya a kansa ka faɗa masa, ka sa hannu. Injin da ka tambaya ya tsira, ko kwarzane bai yi ba.

Inna tana gaishe ka, Barira ma haka, da su Farida da Sulaiman. Ka gaishe mini da Hanifa da ƙannenta. Ka gaida Hajiya Surayya da kyau, ita ma har yanzu targaɗe ta sani game da ɗanta. Ka faɗa mata kafin ku taso.

Wassalam. Yayanka,
Yakubu.