Shanun da Suka Daina Kwana a Gonata

Daga baffanka Malami na Sifawa zuwa ga Mijinyawa, ɗan ƙanena marigayi, a Bida. Gaisuwa mai yawa. Allah ya sa wagga takarda ta iske ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na bakinka. Mutanen gida lafiya lau, sai dai gonata ta rame.

Bayan haka, shekara uku ke nan da na fara jin wata magana a bakin rijiya, wai kai ka shiga tsakanina da ƙanena Sodangi. Na yi dariya, na ce yaron da na yi wa huɗuba da bakina ba zai aikata ba. Ka san tun muna samari, da an gama girbi Sodangi ke koro shanunsa daga Shagari su kwana a gonata, su ci kara su bar mini taki. To, kaka uku ke nan ko kofato ban gani ba.

Ashe hana ka sayar da shanun ubanka da muka yi, ni da shi, shi ne laifinmu. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, amma kai da gatarinka ka zo. Ka je Shagari ka ce wai na ce shanunsa na da ciwon huhu, kada su ƙara taka mini ƙasa. Ka dawo nan ka ce wai ya ce karana ko maraƙi ba ya ƙosarwa. Kowa ya hau dokin zuciya, kai kuwa ka kora shanu huɗu kasuwa.

Na tambayi liman sunan wanga aiki, ya ce annamimanci. Mata na cewa haɗa husuma. Ni yanke zumunci na sani, kuma ka yi karatu, ka san makomar mai yin sa.

Yanzu Sodangi na kwance, ƙafafunsa sun kumbura. Na je har ƙofarsa, ya aiko a ce mini barci yake. Ba zai yarda da bakina ba, sai na wanda ya kai masa maganar. Ka rubuto masa gaskiya, ka ba ayarin da zai juyo kafin girbi. In ya rasu yana fushi da ni, kada ka sake kira na baffa.

Ka gaida matarka Safinatu da ɗiyarku Binta, su ba su yi mini komai ba. Kuma kada ka wahala neman maƙiyin da ya tona ka. Na ji a bakin mutum biyar ban yarda ba. Ta shida ita ce Zulaihatu, mahaifiyarka, ranar Juma'a, tana faɗi tana rufe fuska da mayafi.

Wassalam, baffanka Malami.