Na Rubuta Wa Ɗiyata Uban da Ba Nata Ba

Assalamu alaikum mai shafin shawara, da duk wanda za a karanta wa wannan. Da hannuna na rubuta da ajami, don ko mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa ban yarda ya ji ba. Ku sakaya sunana, kuma don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku tsine mini. Tsinuwar da nake wa kaina ma ta isa.

Ni mutumin Adar ne, kamiyo, wato babbar motar kaya, nake tuƙa wa Nasaran nan masu neman dutse a arewacin Abzin, wajen da Buzaye ke kira Arlit. Ba gari ba ne, tantuna ne da duwatsu da wani akwati mai ƙas-ƙas da suke karawa a ƙasa. Matata Ba'abziniya ce, fara sol, tana Agadas wajen danginta. Ɗiyarmu ɗaya tak, zan kira ta Raisha. Ta ɗebo hasken uwarta har ta zarce, ga gashi kamar na masara.

Abin da ya ci ni shi ne ido. Ina ganin yadda Nasaran nan ke lallaɓa duwatsun, na san wani zamani ne ke tafe, kuma wanda bai iya takarda ba jaki zai zama a cikinsa. Sai na ji labarin wata lakwal, makarantar boko ta kwana, a Damagaram da matan coci ke riƙewa, ba ta gwamnati ba. Gado kowa da nasa, ci sau uku, yarinya ta fito ungozoma ko malama. Wata biyu muna ja da matata. Ta ce, "Baban Raisha, an ce wadda ta shiga can ba ta ƙara cin tuwo da hannu, ko gaida uwarta sai a tsaye." Na ce surutun mata ne. Ta ce, "Sallarta fa?" Na rantse mata ba mai taɓa addinin yarinya. A ina na sani? Wallahi ban sani ba, faɗa kawai na yi.

Abin da ban gaya mata ba, lakwal ɗin ba ta ɗaukar ɗiyan baƙar fata. Ruwa biyu kaɗai suke karɓa, waɗanda ubanninsu Nasara suka tafi suka bari. Tafintan kumandan, Banasaren da ke mulkin Agadas, shi ne ya buɗe mini hanya. Ya kalli Raisha ya yi dariya ya ce, "Kai, wannan ai ko Faransa aka kai ta ba mai tambaya. Ba ka taɓa tuƙa wani sarjan na sojan Nasara ba, wanda zazzaɓi ya kashe a hanyar Ingal? Matacce ba ya musu." Na ce a'uzubillahi. Bayan kwana uku ni na koma da ƙafata. Aka rubuta cewa sarjan ɗin ne ya haife ta, ni riƙo kawai nake, na dangwala yatsa. Kun gane abin da na yi? Matar da ko mayafinta sarjan bai taɓa gani ba, na rubuta ta mazinaciya a littafin Nasara. Ɗiyata ta sunna na mai da ita shegiya, don gado da cokali.

Shekara huɗu ke nan. Bara da ta zo hutu, ta gaida uwarta a durƙushe, har na ce to, asiri ya rufu. Amma da muka keɓe a gindin kamiyo sai ta ce, "Baba, me ya sa a can suke kirana da wani suna? Sun ce kai mai riƙona ne." Na ce al'adar lakwal ce, kar ta gaya wa innarta. Ta dube ni irin kallon da babba ke wa yaro.

Ran Litinin da ta wuce kumandan ya aiko a kira ni daga sansani zuwa Agadas. Na tarar da wata tsohuwar Banasara zaune a biro, wato ofishinsa, cikin baƙaƙen tufafi, tana riƙe da hoto. Tafinta ko dubana bai yi ba, ya ce uwar sarjan ɗin nan ce. Ɗanta ɗaya ke nan, an rubuta mata cewa ya bar ɗiya, shi ne ta ƙetaro teku ta tafi da jikarta. Tsohuwar ta kama hannuna da hannayenta biyu tana kuka tana godiya na riƙe mata jininta. Kumandan ya ce takardu sun kammala, kuma tunda ni yarinyar ta sani, ni zan tuƙa tsohuwar zuwa Damagaram ran Alhamis in miƙa mata yarinyar da hannuna.

A waje na tare tafinta. Ya ce, "Yatsan wa ke kan takarda, nawa ko naka? Ka buɗe baki ka ruɓe a kaso, yarinyar kuma su tafi da ita duk da haka. Nasara takardarsa yake yarda da ita, ba bakinka ba."

In na yi shiru, Raisha ta tafi ke nan, ba ni ba ita har abada, ta tashi tana addu'a a kabarin wanda bai haife ta ba. In na yi magana, matata za ta ji abin da na rubuta a kanta, 'yan'uwanta kuma ba sa kai irin wannan ƙara gaban alƙali, da takobi suke yanke ta. Tsoro nake ji, ban ɓoye muku ba. Na san kafin amsarku ta iso ƙila Alhamis ta wuce, amma wa gare ni da zan gaya wa?

Matata ta ji zan tafi Damagaram, murna ta hana ta zama. Tun jiya take ɗaure cuku da dabino a tsumma, ta ɗinka wa yarinyar sabon zane. Ɗazu ta miƙo mini ƙunshin ta ce, "Ka ce mata saura wata biyu hutu, ina nan ina ƙirga kwana."

Jama'ar Annabi, ƙunshin na gabana. Me zan yi?