Ranar Gwaji Aka Ce Autana Ya Zauna Gida

Anti mai shawara, kina ina? Don Allah ki taimake ni, hankalina ba a kwance yake ba.

A makarantar su autana aka kawo wani sabon tsarin koyar da karatu, da waƙoƙi da littattafai masu hotuna. Ni bokona bai yi nisa ba, amma na yi murna. In ya dawo sai ya zauna gefen keken ɗinkina ya yi ta zuba karatu kamar rediyo. Rannan hannuna da aiki na miƙa masa kwalbar maganin babansa na ce karanta mini. Anti, ko kalma ɗaya. Na buɗe littafinsa na rufe hoton da tafina, nan ma ya kasa karantawa. Ashe hadda ce kawai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, ranar da masu tsarin suka zo gwaji malamin ajin su autana ya ce masa ya huta a gida, wai kamar mura na damunsa. Yaro lafiyarsa lau. 'Yar maƙwabciyata ma haka aka ce mata. Yanzu an manna takarda a ƙofar makaranta wai kusan duk yaran sun iya karatu, don haka za a rufe ajin masu neman taimako, ajin da autana yake ciki. Kuma hedimasta na so a ɗauke ni bidiyo ina godiya. Babansu ya ce in yi kawai, kar a sa wa yaro ido. Jiya har gida masu ɗaukar bidiyon suka biyo ni na sa aka ce ba na nan, yau kuma ban san, tsaya, ana buga ƙofa

Amsa:

'Yar'uwa, saƙonki ya iso a yanke, ina fata ba ki amsa musu komai ba tukuna.

Mai yiwuwa tsarin yana da amfani, malamin kuma tsoron aikinsa yake ji. Fargabar maigidanki ma ba ta banza ba ce. Amma sakamakon da aka samu bayan an ware yara masu rauni ba shaida ba ne.

Kada ki je ke kaɗai. Ki nemi maƙwabciyarki da sauran iyaye, ku tambaya cikin ladabi: yara nawa suka fara, nawa aka gwada? Da rubutun da ba su taɓa gani ba aka gwada su? An kwatanta su da ajin da ba ya cikin tsarin? Ku roƙi a sake gwajin da kowa kafin a rufe ajin.

Bidiyon kuwa, ki ce sai ranar da yaro ya karanta. In kika yi godiya yau, da muryarki za a rufe wa ɗanki aji. Allah ya buɗe masa karatu, ya tsare ku.