Katunan Sani a cikin leda

Talata da dare, Sevran

Yau na kai katunan hotunan 'yan ƙwallon kwando na marigayi ɗana Sani unguwar Barbès, aka liƙe su cikin leda da inji, yadda nike yi wa takarduna. Ɗiyata Hadiza ta hana ni: "Baba, tsoffi ne, bar su haka." Na ce ni na haife ta.

Launi bai ɓaci ba. Jan gefen yana nan, da dogon ɗan wasan nan da ya yi tsalle. Amma katin da Sani ya fi so, kusurwarsa ta yi laushi don yawan riƙo, nan nike ɗora yatsana kowace safiya. Ɗazu na shafa, sumul kamar gilashi. Ledar kuma ba ta ɓaruwa.

Ban gaya wa Hadiza ba.