An Sa wa Muryar Mama Takunkumi

Bulawayo, watan Yuni

Zuwa ga Yayata Nomalanga,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya sanyin Johannesburg, yaya kuma ciwon gwiwar?

Albishirinki, Yaya: ƙanenki, tsohon malamin tarihi mai keke ɗaya, ya zama barazana ga zaman lafiyar duniya. Kamfanin ƙasar wajen da ke riƙe wa ƙungiyarmu shafin intanet ya kulle mu. Lauyoyinsu sun karanta dokar takunkumin da aka sa wa manyan gwamnatinmu, sun ga tantance mai laifi da marar laifi wahala ce, sai suka sallami duk wanda adireshinsa ke ƙasar nan.

A can muka adana muryoyin tsofaffin da suka ga abin da sojoji suka yi a ƙauyukanmu. Dokarmu ita ce da zarar murya ta hau shafin, mu goge ta daga na'ura, don kada 'yan sanda su zo bincike su gane wa ya yi magana. Mun sha yabon kanmu da wannan dabara.

Ta Mama na ciki. Thandeka, abokiyar aikina, ita ta naɗe ta, don Mama ta ce ba maganar da uwa ke yi a gaban ɗanta ba ce. Ta faɗi inda sojoji suka jefa gawar Baba, da sharaɗin kada mu saurara sai bayan rasuwarta an yi mata umbuyiso, al'adarmu ta dawo da ruhin mamaci gida. A Agusta za a yi. Ban karya alkawarin ba, kuma ba ni da kwafi.

Ki gaida kowa.
Ƙanenki, Mqondisi

Bulawayo, watan Yuli

Yaya Nomalanga,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Saƙonki ya iso.

Na roƙe su su bar ni in sauke kayanmu kawai. Sun amsa cikin ladabin da ban taɓa samu daga ɗalibaina ba: miƙa wa mutumin ƙasar nan wani abu daga rumbunsu daidai yake da fitar da haja zuwa inda aka hana. Wato Mama, tsohuwar yankin Tsholotsho da ba ta taɓa ganin cikin jirgi ba, ta zama kayan waje.

Na gwada shawararki ta mayar da shafin kan adireshinki. Sun ce wannan zagaye doka ne, sun ƙara da cewa a ƙarshen wata za su share komai.

Maƙwabcina Bhekimpilo ya ce, “Malam, ka ce musu kai minista ne mana! Su da aka yi takunkumin dominsu, shafukansu ko tari ba su yi ba.” Kawu Sikhosana kuwa bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, “Kai da duk karatunka, ka ɗauki uwarka ka ba Bature ajiya?” Na karanta littattafai da yawa a kan yadda ake ɓatar da tarihi, ban sami amsarsa a ko ɗaya ba.

Naki, Mqondisi

Bulawayo, watan Agusta

Yayata,

Ina fatan kuna lafiya. Mu dai ga mu nan.

Sun share. Sanarwar ta zo da tambaya ko na gamsu da hidimarsu.

Jiya na je wurin Thandeka, na ce ta tuna mini. Ta ce, “Malam, tsofaffi nawa na zauna da su? Duk rami suke cewa. Na tuna Mama ta riƙe hannuna, ta ce tsohon ramin haƙar zinariya ne, ta faɗi sunansa. Ban riƙe ba. Da gangan nake mantawa, don in an kama ni kada a samu komai a bakina.” Ban ga laifinta ba, mu muka koya mata. Irin waɗannan ramuka kuwa sun fi coci-coci yawa a yankinmu.

An fara dafa giyar umbuyiso, Kawu ya ware bijimi. Da farko awaki biyu ya sa a nemo, ɗaya ta Mama ɗaya ta Baba, yana zaton daga kabarin Mama za mu wuce mu kira Baba da sunansa a bakin raminsa. Na ce masa ɗaya ta isa.

Ki taho da bargo, ƙauye akwai sanyi. Mama kaɗai za mu dawo da ita gida.

Ƙanenki mai kewarki,
Mqondisi