Sunanka a Allon Silima

Los Angeles,
Oktoba, 1960.

Zuwa ga Kawu Isidore,

Ka yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka, alhali ba ka nema ba, Mama ma ba ta sani ba. Ni ce Rhoda, 'yar ƙanwarka Bessie, wadda ka bari tana famfarar haƙori. Yanzu na kusa gama sakandare. Na yayyaga takardu da yawa kafin wannan, domin ba ƙaramin abin kunya ba ne a rubuta wa mutumin da rubutu ne sana'arsa. In ka ga kuskure, don Allah ka kawar da kai.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Harriet, kuma iskar Mexico tana karɓarku. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sawwaƙe maka tarin nan da muka ji ya dame ka da damina. Mu nan kalau muke. Baba yana nan da shagonsa na wanki da guga, yana kukan baya amma ya ƙi ɗaukar mataimaki. Yayata Gilda ta sami aiki a asibiti. Lemon tsamin da ka dasa a bayan gidan Kaka ya wuce rufin gareji, 'ya'yansa har maƙwabta muke ba.

Garejin kuwa yana nan yadda ka bar shi. Nakan tuna ranakun Lahadi da kake bugun keken rubutu a ciki, ƙofa a buɗe, kana faɗin maganganun mutanen fim ɗinka da ƙarfi, wani lokaci da muryar mace, har Kaka ta leƙo daga kicin ta ce, “Izzy, da wa kake faɗa? Ka ce mata ta shigo ta sha miya.” Na kuma tuna ranar da ka kai mu silima a motarka, Kaka da shuɗiyar hularta. Da sunanka ya fito shi kaɗai a allo, Isidore Pelzner, ta karanta shi da ƙarfi, ta juya ta ce wa mutumin bayanta, “Ni na haife shi, malam.” A lokacin ban iya karatu sosai ba, amma na ga fuskarta.

Abin da ya biyo baya sai da na girma na fahimce shi: cewa kwamitin majalisa mai farautar 'yan kwaminis ya kira ka, ya ce ka faɗi sunayen abokanka da kuka yi tarurruka tare, ka ƙi, daga nan duk kamfanonin fim suka haɗa baki suka hana ka aiki. Ni dai abin da na gani shi ne wayar gida ta daina ƙara, matar da ke gida na gaba kuma ta daina aiko mana da waina. Sai ranar tafiyarka. Ka san al'adar da Kaka ta taho da ita daga ƙasarta ta asali, cewa matafiyi ya zauna a kan akwatinsa ya yi shiru na ɗan lokaci kafin ya fita, don hanya ta dawo da shi. Ran nan kuna sauri, ba ka zauna ba. Har yau in aka yi zancenka sai ta ce, “Ai ga shi nan. Na ce ya zauna, ya ce mota na jira. Motar uwarsa ce?”

Ban sani ba ko an taɓa gaya maka abin da muke yi ran Alhamis. Tunda muka ji cewa kana aiko da labaran fim a ɓoye da sunayen aro, kuma ba ka iya faɗa mana wane fim ne naka, Kaka ta ce ita za ta nemo ɗanta da kanta. In na taso daga makaranta sai mu hau bas mu je silima kallon yamma. Tana riƙe sunan marubucin da aka nuna a farko, sa'an nan ta zuba ido. Mun sha kallon shirme, Kawu. Amma wata rana, a wani fim na makiyaya masu dawaki, jarumin zai yi tafiya, sai ya ajiye sirdinsa a ƙasa, ya zauna a kai, ya yi shiru. Kaka ta damƙe hannuna har na ji zafi, ta ce, “Ga ɗan banzan nan! Wane makiyayi ne ya san wannan in ba ɗana ba?” Daga baya mun gan ka a wani sojan ruwa da ya zauna a kan jakarsa, da wata amarya a tashar jirgin ƙasa. Kowane da sabon suna. Takan ce, “Yau kuma Holloway ake ce masa. Ni dai ban san na haifi Holloway ba.” Mama ta gargaɗe ta ta riƙa faɗi a hankali, kada ta ja maka wata masifa.

Ga dalilin wasiƙata. Idon Kaka yana tafiya. Likita ya ce ba abin da aiki zai gyara, kuma ba a sa ran hasken zai kai baɗi. Yanzu layin gaba muke zama. Fuskoki sun zama mata inuwa, amma manyan baƙaƙe farare a kan baƙi tana iya harhaɗa su in ta matse ido. Alhamis da ta wuce, da wani mutum ya ɗauki akwati a fim, sai ta raɗa mini, “Ya zauna?” Na ce ya zauna, domin ya zauna ɗin. Ba ta yi dariya ba kamar da. A cikin bas ta ce mini, “Na san ranar da idon nan ya rufe, tausayi zai sa ki karanta mini sunansa a inda babu shi. Kada ki kuskura, 'yar nan. Da wanda ya fito daga bakinki, gara in mutu da Holloway.”

Na ji Mama tana gaya wa Baba cewa wani mai shirya fim ya yarda ya sa sunanka na gaskiya a sabon labarinka, ba tare da ka ambaci kowa ba, amma ka ce a'a, sai sun fara ba ka haƙuri a jarida. Mama ta ce taurin kai ne irin na Kakanmu marigayi. Baba ya ce, “Bessie, mutumin da aka yi wa abin da aka yi masa, ai ko ya ce su zo da rarrafe bai yi laifi ba.” Ni ma ina ganin kana da gaskiya, kuma ba ni da matsayin ba ka shawara. Sai dai ban-haƙurin nasu ba wanda ya san ranar zuwansa, idon Kaka kuwa an faɗa mana. Roƙona ke nan, Kawu: ka bar su su sa sunan. Ba don su ba. Shuɗiyar hular tana nan a kwalinta, na duba, asu bai taɓa ta ba.

Ka gaida mini Anti Harriet da kyau, da ɗanka, ɗan'uwana Joel, ka ce masa kekensa yana garejin. Baba da Mama da Gilda da sun gaishe ku da sun san na rubuto. Kaka kaɗai na gaya wa. Ba ta ce in roƙe ka kome ba. Ta ce dai in gaya maka, duk ranar da za ka taso gida, ko jirgi zai tafi ya bar ka, ka zauna a kan akwatin.

In ba ka ji haushina ba, ina neman izini in sake rubuto maka, ko don in gaya maka sunan da muka gani a allo.

Taka 'yar,
Rhoda.